Turakun da Aka Ba Ruwa

Mai ɗinki ce ta fara gani. Ta buɗe ƙofa da sassafe za ta zubar da shara, sai ta ci karo da turke mai jan kai a tsaye a ƙofar gidanta, wani a gindin tagar ɗakin da take ɗinki, wani can bayan katanga. A garin nan ko yaron goye ya san ma'anar jan turke: nan sabon titi da layin dogo za su bi. Jiya da ta kwanta turakun suna can nesa, a tsallaken fili. Yau ga su sun raba mata gida biyu. Ta kira sunan Allah, kwandon shara ya suɓuce, ita ma ta bi shi ƙasa. Da ma tana fama da hawan jini.

Kafin Sufeton 'yan sanda ya iso an wuce da ita asibiti. Ya tarar da Injiniya, matar da aka turo ta shugabanci masu awon hanyar, tana tsaye da na'urarta a hannu, ranta a ɓace. Yau ne babban taron jin ra'ayin jama'a. Da hantsi mutane za su bi layin turakun da ƙafa, kowa ya ga abin da aikin zai taɓa, da la'asar kuma a hallara a zauren makaranta kowa ya faɗi ta bakinsa kafin a tsayar da magana.

"An tuge su daga inda muka kafa, an kawo su nan," in ji ta. "Dubi lanƙwasar da aka yi. Ko amalanke ba zai sha wannan kwanar ba, balle jirgin ƙasa."

"Da can ta ina suka bi?"

Ta nuna masa da hannu. Ta gefen garejin Bakanike, sannan ta tsakiyar lambun da ke maƙwabtaka da shi. Sabon layin ya kauce wa duka biyun.

Lambun na Kawunsa ne, yayan mahaifiyarsa, wanda ya riƙe shi tun yana ƙarami. Sufeto bai ga dalilin faɗa wa baƙuwa wannan ba. Ya tsuguna gaban turke ɗaya. An kafa shi a miƙe sambal. Ƙasar gindinsa a jiƙe take, kuma an tara ta an kewaye shi da ita kamar bakin kwano. Wani abu ya taɓa shi a rai, ya ƙi tsayawa ya saurara. Da zai miƙe sai takalminsa ya bi ta kan kewayen ya shafe shi.

"Yallabai, ƙasar fa a jiƙe take," in ji Saje, mataimakinsa.

"Raɓa ce."

Saje ya dubi busasshiyar ƙasar da suke takawa, ya dubi maigidansa, ya kau da kai. Mutum ne mai son ya kai ritaya lafiya.

Neman wanda ake zargi bai yi wuya ba, gari ma ya riga ya yanke hukunci. A taron farko da aka yi, Bakanike ya miƙe a gaban kowa ya rantse sai ya tuge turakun nan ya dafa shayi da su. Suka same shi a ƙarƙashin wata mota, ƙafafunsa kawai ke waje.

"Fito. Ina ka kwana jiya?"

"Nan gareji, Yallabai. Uwargida ta yi yaji, gidan ba ya mini daɗi."

"Kai ka ce za ka tuge turaku?"

"Na faɗa. Na kuma taɓa cewa zan sayi jirgin sama."

"Ka kwana nan, turakun suna bakin ƙofarka. Me ka gani?"

Bakanike ya goge hannunsa da tsumma, ya daɗe yana gogewa.

"Ban ga komai ba."

"Me ka ji?"

"Barcina nauyi gare shi."

Ƙarya yake yi, ko Saje ya gane. Sufeto ya ji wani sanyi a ransa, kuma ya ji kunyar sanyin, domin ya san murna yake yi da ya sami wuyan da zai rataya wa laifin. Ya sa aka kai Bakanike bayan kanta.

Don kada a ce bai yi bincike ba, ya biya ta ofishin Dillali, wanda tun da aka fara raɗe-raɗin aikin ya bi layin yana sayen filaye don ya ci diyya. Ya same shi ya yi tagumi, fanka tana juyawa a kansa amma yana gumi.

"Ni? Yallabai, filina yana kan tsohon layi. Wanda ya matsar da turakun nan ya yanka ni ba wuƙa. In ka kama shi ka ba ni aronsa tukuna."

Gaskiya ya faɗa, don kuwa sabon layin bai taɓa ko taku ɗaya na filinsa ba. Saura leburorin awo, ko su suka yi kuskure. Shugabansu ya ji haushin tambayar ƙwarai.

"Mu da guduma muke aiki. Mu buga, mu wuce. Wa yake da lokacin haƙa wa turke rami? Je ka duba waɗancan, haƙa musu aka yi aka binne, har da lallashi."

Wajen azahar aka yi waya daga asibiti. Mai ɗinki ta farfaɗo, amma hannunta na dama bai motsa ba tukuna, kuma da shi take ci da 'ya'yanta. Ba a jima ba shugaban ofishin su Sufeto ya kira: tunda an sami mai laifi, gobe da safe a kai shi kotu, laifi biyu, ɓarnata aikin hukuma da jawo wa mace ciwo. Sufeto ya ce to. Ya ajiye wayar ya zauna yana kallon abincin da aka kawo masa har ya huce.

Ya san Bakanike. Shi yake gyara masa mota, sau da yawa ya ƙi karɓar ko sisi. In aka ɗaure shi garejin ya mutu, matar da ta yi yaji kuma ba za ta dawo ba.

Ya ɗauki hularsa ya koma wurin shi kaɗai. An dakatar da zagayen hantsi, saboda haka turakun suna nan yadda aka bar su. Ya bi su ɗaya bayan ɗaya. Kowanne da kewayensa na ƙasa, kowanne da sawun diddige a gindi inda aka danne, kowanne an zuba masa ruwa. Ya kama ɗaya ya ja, ya fito salin-alin, ramin a gyare, an tsince duwatsun ciki an tara gefe guda.

Injiniya ta iso ta same shi da turken a hannu.

"Abin da ya fi ba ni takaici," in ji ta, "wanda ya yi wannan wahalar banza ya sha. Layin yana cikin na'ura. Turakun don idon jama'a ne kawai, ko a teku aka kai su hanya ba ta matsawa."

"To me ke matsar da ita?"

"Bakin mutane. Don me kake tsammani muke tara su? Ɗazu na leƙa lambun can, ashe akwai rijiya a tsakiya, unguwar nan duk ita suke sha in famfo ya ɗauke. Ba wanda ya faɗa mana. Mai garejin ya zo taron farko ya yi ta ihu, aƙalla mun ji shi. Mai lambun ko ƙeyarsa ba mu gani ba."

Sufeto ya san dalili. Ana gobe taron farko Kawu ya zo har gida, ya ce a kai shi, shi bai iya magana gaban manya ba amma in ɗansa yana kusa zai iya. Sufeto yana sauri, ya ce ya yi zamansa, shi zai yi masa magana. Ranar taron kuwa, aikin tsaro ya sha kansa, bai buɗe baki ba. Shekaranjiya kuma tsohon ya tare shi a hanya ya tambaye shi ta ina jirgin zai bi, shi kuwa waya tana kunnensa, ya ce masa, "Inda ka ga turaku, Kawu, nan zai bi." Ya ja mota ya tafi.

Ya tura ƙofar lambun. Kawu yana tsugune a cikin dashen lemo, bokiti a gefensa. Layi-layi suke, kowane dashe da kewayensa kamar bakin kwano, da sawun diddige a gindi. Da wannan hannun aka koya wa Sufeto yi, tun bai kai tsawon bokitin ba.

"Sannu da aiki, Kawu."

"Yawwa, ɗana. Tun safe nake jiranka. Ka yi jinkiri."

"Bakanike da guduma zai buga. Leburori ma haka. Dillali ko cebur bai iya riƙewa ba. Mutum ɗaya na sani da zai haƙa wa busasshen katako rami, ya tsince duwatsu, ya danne da diddige, ya yi masa kewaye, ya ba shi ruwa." Sufeto ya nuna dashen lemon. "Kawu, dasa su ka yi."

Tsohon ya dubi hannuwansa kamar na wani ne.

"In ba a ba ƙasa ruwa ba, ba ta kamawa. Sai su karkace."

"Ka kai su ƙofar baiwar Allah."

"Ban lura ba, wallahi. Gari bai waye ba, ni dai rijiyar nake kauce wa da itatuwan nan. Na yi ta matsawa ina cewa nan fili ne. Sai da na ji ihu." Ya share ido da gefen riga. "Yaya jikinta?"

"Hannunta bai tashi ba."

Kawu ya zauna daɓas a ƙasa. Sufeto ya so ya yi masa faɗa, ya rasa ta inda zai fara, don duk kalmar da ya ɗauko sai ya ga da shi ta fi dacewa. Ya gaya masa abin da Injiniya ta ce, cewa turke ba ya matsar da hanya.

"Amma kai ka ce mini..."

"Ni na ce. Ni kuma na ce zan yi maka magana ban yi ba. Tun da safe na gane aikinka ne, Kawu. Na sa ƙafa na shafe, na je na kulle wani."

"Wa ka kulle?"

"Bakanike."

Tsohon ya miƙe da saurin da Sufeto bai san yana da shi ba. Ya kife bokitin, ya ɗauki hularsa daga reshe.

"Mu je ka fito da yaron mutane."

Sai da suka tsaya a zauren makaranta, domin la'asar ta yi, kuma Sufeto ya rantse wannan karon sai an ji bakin Kawunsa. Zauren ya cika maƙil. Ya riƙe hannun tsohon har gaban teburin manya, ya tsaya kusa da shi. Kawu ya fara da laifinsa, bai rage komai ba. Aka yi ta surutu, ƙanwar Mai ɗinki ta tashi ta faɗa masa maganganu masu zafi, ya sunkuyar da kai ya karɓa. Sannan ya yi maganar rijiyar. Mata daga baya suka ce gaskiya ne, ita suke sha. Injiniya ta ce ba ta yi alkawari ba, amma za a sake auna wurin, don akwai filin da ba kowa ta gabas. Maganar ba ta ɗauki lokacin shan kofin shayi ba. Abin da ya gagari Sufeto yi ke nan tun taron farko.

A ofis, shi da kansa ya karɓi makulli daga hannun Saje ya buɗe. Bakanike ya fito yana miƙa, sai ya hangi Kawu zaune a kan benci, hula a gwiwa. Fuskarsa ta canza.

"Haba Baba! Wa ya ce ka zo? Ai da ka yi zamanka."

Sufeto ya dube shi. "Ka gan shi ke nan."

"Na gan shi mana. Da asuba na fito kama ruwa, ga shi yana ta jan bokiti. Na ɗauka dashe yake."

"Me ya hana ka faɗa mini?"

Bakanike ya sosa ƙeya, yana jin nauyin maganar.

"Yallabai, mutumin da ya rene ka ne. Na ce ina za ka sa kanka in na faɗa? Ni ko an kai ni kotu, na ce ai kana nan, ba za ka bari a zalunce ni ba."

Saje ya sami abin dubawa a cikin aljihun tebur. Kawu ya tashi a hankali, ya cire takalmansa ya jera su a bakin kanta yadda ya ga ana yi, ya shiga inda Bakanike ya fito.

"Ɗana," ya ce, "dashen lemon nan, kada a ba su ruwa da rana tsaka."

"Ni zan ba su, Baba," in ji Bakanike. "Yallabai aiki ya yi masa yawa."

Ba da gatse ya faɗa ba, kuma wannan ne ya fi yi wa Sufeto ciwo. Ya juya makullin, ya kulle Kawunsa.