Ƙwan da na jefa gindin tsamiya

Ku matso. Wanda ya yi mini dariya zan kore shi, kun dai san halina.

Lokacin ina gyaran wayar mota a bakin hanyar Malumfashi, ƙarƙashin wata tsohuwar tsamiya. Ba wanda ya koya mini, da idona na koya. Ranar kasuwa da hantsi Nomau direba ya shigo da mota cike da mutane. 'Yar wutar nan ta inji da ke gaban sitiyari tana ta ƙiftawa, fasinja sun tsorata. A kujerar baya har da yayarku Ladiyo, ƙanwata.

Na saurari injin. Na ce masa fulogi ɗaya ya mutu, ɗanyen fetur na zuba cikin salansa, in ya yi nisa zai ɗau zafi. Ya ce shi ba wa'azi ya zo ji ba, in kashe masa wutar kawai, in kuwa ban iya ba akwai yara a gaba. Ni zai ce wa ban iya ba? Na cire kan batir na mayar. Wutar ta mutu, ta dawo. Raina ya ɓaci, na kwance gilashin gaban sitiyarin, na zare ƙwan wutar gaba ɗaya, na wurga shi gindin tsamiyar. Ko bisimilla ban yi ba. Suka tafi.

Rana ta take. Kowa ya tafi masallaci, ni na tsaya wanke hannu.

Ban ji shigowarta ba. Na ɗago kawai na ga mota, fara, ba ƙura ko kaɗan. Wani dattijo a ciki. Bai yi sallama ba. Ya nuna gaban sitiyari da haɓa. Wutar na ƙiftawa.

"Kashe mini ita," in ji shi. Muryar kamar daga cikin rijiya.

Na buɗe bonet. Injin sanyi ƙalau. Na cire kan batir, na leƙa. Tana ƙiftawa. Na sauke batirin ƙasa ɗungurungum. Tana nan. Na sunkuya zan laluba wayoyi ta ƙasan sitiyari, sai na ga ƙafafunsa. Diddige a gaba, yatsu a baya.

Ban yi ihu ba. Na miƙe a hankali.

"Baba, wannan ta fi ƙarfina."

"Ɗazu ba ta fi ƙarfinka ba." Ya kama hannuna, ya sa mini wani abu a tafi. "Ka jefe mu da shi muna zaune. Ba namu ba ne. Har yanzu yana magana, ba mai gani."

Ƙwan ne. Ba waya, ba batir, yana ƙiftawa.

Da na ɗago, ba mota. Batirin ma babu.

Na kira Nomau sau uku kafin ya ɗauka. Na ce ya tsaya nan take ya fitar da mutane. Ya fara gardama, sai na ji mata na salati a bayansa. Wuta ta riga ta kama ta ƙasa, daidai kujerar baya.

Kowa ya fita. Ladiyo ce ta ƙarshe. Kun sha tambaya me ya sa ba ta fito da hannun hagu daga mayafi. To, kun ji. Ita ta ɗauka tsautsayi ne. Har yau ban gaya mata ba.

Ƙwan yana cikin gwangwani a ƙarƙashin gadona. Ba na buɗewa, amma ina ganin hasken ta bakin murfin.

Kada wanda ya bi ta gindin tsamiyar nan shi kaɗai da rana tsaka. In kuma 'yar wutar injin motarku ta fara ƙiftawa, ku je wurin wani. Ni na daina.