Mumtaz a Tankin Tsohuwar Tasi

“Kawu, kai ba ka wanke hannu ne?”

Hajo 'yar shekara huɗu ce ta leƙo ta tagar tasin kakanta, Malam Abdulsalam, ta jefa wa makanikin wannan tambaya. Sharifa, ƙanwar uwarta, ta janyo ta da sauri, kunya kamar ta nutse a kujerar baya. Sabiru makanikin ya dubi hannayensa baƙi ƙirin, ya yi dariya, sai idonsa ya faɗa cikin na Sharifa ta tsagar niƙabi. A warsharsa ke nan, wato garejinsa na unguwar Harra ta Gabas a birnin Manzo, shekarar 1982.

Kafin su tafi Malam ya ce, “Ya waladi, wane mai ya dace da ita, adi mai araha ko mumtaz mai tsada?”

“Adi, ya ammi. Don shi aka ƙera injinta. Mumtaz na inji ne mai matse mai da ƙarfi, yana hana shi ƙwanƙwasa. A taka motar ba zai ƙara komai ba.”

Wata biyu wasiƙu na kai da komowa tsakaninsa da Sharifa ta hannun Ƙaltume, yayar Sabiru. Ana shirin turo manya sai Ja'afaru ya ɓullo, ɗan abokin Malam, mai farar jallabiya da turare mai hawa kai, shi ma Sharifa yake nema. Ba ya zama minti biyar bai faɗi cewa motarsa ba ta taɓa ɗanɗana adi ba. Har hankici yake tsomawa a mumtaz ya kai wa mutane hanci, wai su ji ƙamshi. Sharifa kan bar bayan labule ta koma ciki.

Sai ga tasin ta fara tari. Ran nan ta mutu a hanyar Bi'ir Ali wurin ɗaukar harami, da masu umra huɗu a ciki, suka sauka cikin rana suka tsayar da wata. Malam ya dawo yana huci.

“Aikin adi ne,” in ji Ja'afaru. “Wanda ya yi wa mota rowa, ya ammi, ina ga mace?”

Malam ya ce khalas, magana ta ƙare, kada Sabiru ya ƙara taka ƙofarsa.

Sharifa ta rubuta: “Sanyin idona, Baba ya ce shawararka ta kunyata shi. Faɗa mini gaskiya, ko kuskure ka yi?”

Amsa ta zo: “Habibti, ban yi ba. Tarin nan ba na mai ba ne. A ba ni minti goma da ita.”

Ta durƙusa gaban mahaifinta. “Baba, a zuba mata mumtaz ɗin. In ta warke, ba zan sake ambaton Sabiru ba. In ba ta warke ba, a bar shi ya duba.”

“Kin yarda da haka, ya binti?”

“Na yarda.”

Da hantsin Alhamis Ja'afaru ya zo da jarka da guntun tiyo, ya ce sai an kwashe adin tas. Ya zura tiyon a tanki, ya sa baki ya zuƙa. Man ya taho masa gaba ɗaya. Ya ƙware, ya tofar, sannan ya dafa bango ya amayar da ful ɗin wake da ya karya kumallo da shi, a kan jallabiyarsa da takalmin Malam. Warin mai da na amai suka cika layin. Sharifa na taga ta toshe hanci da gyale.

Duk da haka aka zuba mumtaz. Tasin ta tashi, ta kai bakin layi, ta yi tarinta na da, ta mutu.

Sai Malam ya ce, “A kira mini yaron.”

Sabiru ya iso da kayan aikinsa. Ya buɗe gaban motar, ya kwance filtar mai, ya zazzage ta a tafin hannunsa. Tsatsa da laka suka zubo kamar ƙasan randar da aka manta. Ya ɗaura sabuwa, ya goge fulogi.

“Tada ta, ya ammi.”

Ta tashi sumul. Malam ya zaga har masallacin Kuba ya dawo, ya fito ya riƙe kafaɗar Sabiru.

“Na yi maka rashin adalci. Ka ce wa manyanka su zo Juma'a.”

Bayan ƙaramar salla aka ɗaura aure, suka tare a ɗaki biyu a unguwar Al-Ranuna. Allah Ya ba su zaman lafiya da zuri'a ɗayyiba.

Ke kuma mai 'ya a gida, ki ji ni da kyau. Kada ki bari a auna mijin 'yarki da irin man da yake zuba wa mota. A tambayi wanda ya san injin. Kuma duk ranar da kika ga wani naki ya kai tiyon fetur baki, ki fizge shi, domin in ya shiga huhu kisa yake yi.