Amfani Naka, Iri Nawa

"Amfanin gona naka na, iri nawa na. Ka yarda?"

Boka Labbo ne ya faɗi haka, a bukkarsa ta bakin gulbi bayan Argungu, rana tsaka. Sirajo na durƙushe gabansa. Ni ina tsaye a bakin ƙofa, don da motata na kai shi.

Ɗakin warin danshi yake yi. Ga baƙin tulu an rufe shi da ƙoƙo, ga busasshen kan kada a kansa, ga damin shinkafa rataye da ya yi baƙi ƙirin don daɗewa.

Ni ban yi boko ba, amma ga yadda Sirajo ya yi mini bayanin sana'arsa. Dandali ya gina, kamar fadama a cikin waya. Shi ke da fili da ruwa da kayan aiki, masu ƙera manhaja su zo su dasa tasu a kai, kowa ya ci. Shekara biyu ba wanda ya leƙo.

"Wane iri, Baba?" in ji Sirajo. "Ni hwa ban son jini."

"Wa ya ce jini? Kai ba ɗan hwadama ba ne? In anka yi girbi, ba a aje ɗan abin shuka na baɗi? Shi kaɗai nika so."

Sirajo ya yi dariya. "Wanga ai kyauta ce. Na yarda."

Labbo ya tauna shinkafa, ya fesa wa wayar Sirajo, ya tsoma ta cikin tulun. Ta fito a bushe. Ya ce duk wanda za a ba makullin shiga dandali, sai ya danna "na yarda" da yatsansa.

Kafin damina ta dawo, ofishin Sirajo na unguwar Nassarawa ya cika. Makulli kyauta, horo kyauta, janareta na aiki wuni guda, ga gasa duk wata uku. Ja'afar na Ambursa ya ƙera manhajar da ke gaya wa manoma ranar da gulbi zai yi ambaliya, mutanen Zauro suka tsira da shinkafarsu. Sharifa ta ƙera wadda ke haɗa masu albasa da direbobi, ni kaina na more ta. Sirajo ya gina bene.

Sai na lura da wani abu: ba wanda ya taɓa ƙera ta biyu. Ja'afar ya koma zama gaban kwamfuta daga safe zuwa la'asar, yatsa a kan harafi ɗaya. Wata safiya masunta suka tsamo gawarsa. Sharifa ta manta karatu, ko sunanta ba ta iya ganewa a takarda.

Na ce masa, "Sirajo, ba iri ya ce ba? Abin da ka tsiro da wani tunanin shi aka kwashewa daga kawunansu. Ka ruhe wurin ga."

Ya ce, "Baba Maigandi, wasu na zuwa."

Abin da ya yi kawai, ya hana 'yarsa Zakiyya kusantar dandalin. Ita kuwa ta fi su duka kai. Ta yi rajista da sunan ƙawarta, ta shiga gasa don ta burge ubanta. Shi ya kira sunan wadda ta yi nasara a gaban taro, sai ya ga 'yarsa ta taso tana murmushi.

Bayan kwana tara ta daina magana.

Na sake kai shi Argungu. Ya faɗi ƙasa. "Ɗauki dandalin, ɗauki gidan, maido min ɗiyata!"

"Mi zan yi da hili?" in ji Labbo, ko kallonsa bai yi ba. "Ban kira ta ba. Da yatsanta ta yarda."

Uwar Zakiyya ba ta kai ƙarshen shekarar ba. Zakiyya na ɗaki, sai an ba ta abinci a baki. Sirajo yana tashar mota yanzu, yana miƙa wa matafiya makullai masu tsatsa, yana cewa kyauta ne.

Mai kwaɗayin arzikin dare ɗaya, ka tambayi abin da za a ɗauka, sannan ka tambayi a jikin wa. Labbo ya ci. Wasu baƙi da suka saye dandalin sun ci. Manoma sun ci damina biyu. Ja'afar, Sharifa da wasu goma sha huɗu sun rasa abin da Allah ya ba su, ba su ma san an yi ciniki a kansu ba. Sirajo ya rasa gidansa kaf. Ni kuwa na sayar da motar.