Awa Ɗaya daga Abuja

Fasfon Suwaiba ya ɓata ranar Litinin da hantsi, saura kwana biyu ta tashi zuwa Alƙahira karatun likita. In bai fito ba, gurbin da ta yi shekara uku tana nema ya tafi.

Sufeto Dzarma ya isa gidansu a unguwar Fezzan ta Maiduguri ya tarar da ita ta yi kuka har ta gaji. Mahaifiyarta, Ya Kaltum, ta ce da ƙarfe goma ta ga fasfon a kan madubi, kafin sha ɗaya babu shi. Ba a fasa komai ba, ƙofa a buɗe take saboda masu zuwa sallama. Ɓarawon dai ɗan gida ne.

Cikin masu jaje babu wanda ya kai Zayyad zaƙewa, wani ɗan kasuwa Bakano da ya daɗe yana neman auren Suwaiba. Tun ba a tambaye shi ba ya rantse yana Abuja abin ya faru. Ya Kaltum ma ta shaide shi: da sha ɗaya ya bugo mata waya cewa ga shi zai hau jirgi, da sha biyu kuma ya yi sallama a ƙofarta.

Sufeto ya yi murmushi. Sau ɗaya ya taɓa hawa jirgi a duniya, daga Abuja zuwa Maiduguri, kuma tsoro bai bar shi ya ɗauke ido daga agogo ba. Babu mintin da bai ƙirga ba.

"Malam Zayyad, tafiyar awa nawa ce?"

"Yallaɓai, kamar rabin awa. Jirgi ne fa."

"Kilomita ɗari bakwai da wani abu? Awa ɗaya da minti ashirin na yi a sama ina salati, ni da ba Musulmi ba. Ga jiran kaya, ga hanya zuwa Fezzan. Ina tikitinka?"

Zayyad ya lalube aljihu huɗu, gumi ya keto masa. Daga bisani ya sunkuyar da kai ya faɗi gaskiya: ko tashar mota bai je ba. Ta ƙofar baya ya shiga ya ɗauke fasfon, ya buga wayar daga shagonsa. Tsoro yake in ta zama likita ba za ta ƙara kallonsa ba. Abin tausayi, amma tausayi bai hana kofur ɗin Sufeto tasa ƙeyarsa zuwa mota ba.

A shagonsa da ke Kasuwar Kifi ta Baga Road aka zaro fasfon daga ƙarƙashin kwalin banda, sai ƙarni yake yi. Ya Kaltum ta ce a kawo kasko a turara shi.

Suwaiba ta rungume abinta tana dariya da hawaye.

"Bar shi haka, Ya. In kewar gida ta kama ni a can, sai in buɗe in shinshina."