Nonon Inna Saudatu

"Ajiye lallen ga, Bara'atu. Auren ga ba shi yiwuwa."

Bara'atu ta ɗago kai daga ƙwaryar lalle. Lantana ce tsaye a tsakar gidan su Bara'atu na Ƙofar Atiku, 'yar kawun angonta Ɗahiru, wadda kowa ya san ta daɗe tana haɗiyar yawu a kansa. A bayanta ga wata tsohuwa dogare da sanda.

"Ga Uwani ungozoma. Hwaɗa mata, Iya."

Tsohuwar ta kasa haɗa ido da ita.

"Shekarar ƙyanda... uwar Ɗahiru na kwance, nono ya ƙahe. Ni da kaina na kai shi ga Saudatu, tana goyon wanki Sule. Ya sha, ɗiyata. Ya sha har ya ƙoshi."

Saudatu...

Innarta, wadda ƙasa ta rufe tun Bara'atu ba ta iya ɗaura zane ba. Wanda ya sha nonon uwarka ɗan'uwanka ne, ko yaron goye ya san wannan.

Shi dai Ɗahiru, gwamnatin soja ce ta tura shi Ingila karatu lokacin da man fetur ya buɗe wa ƙasa baki, ya dawo yana aiki a ɗakin gwaje-gwajen asibiti. Samarin zamani da turare da sabuwar Fijo suke zance. Shi kuwa bawan Allah, in ya zo wurin budurwa, sai hirar nonon uwa.

"Hasken idona," yakan ce, "cikin nono akwai wasu 'yan jakunkuna da sunka hi ƙura ƙanƙanta. Ina zaton saƙo suke kai ma jinin jariri, su koya mishi wace cuta za shi yaƙa."

"To Malam, wanga shi na zancen soyayyar Turai?"

"Ki yi dariya. Ƙyanda ta kwashe yaran gidanmu kakaf, ni kaɗai na saura. Dalili nike biɗa."

To ga dalili ya biyo shi har gida.

Da la'asar ɗin ranar ya zo, labari ya riga ya kai masa, idanunsa jajur. Ta same shi a zaure, inda suka saba tsayawa. Tsoro ne fal a ranta, irin wanda ba ta taɓa ji ba.

"Mace guda ta," ta ce da sauri. "Kuma Lantana ta kawo ta. Malamai sun ce shaidar mace guda ba ta tilasta rabuwa. Ka ce ba ka yarda ba, shi ke nan."

Ya sunkuyar da kai.

"Masoyina... ka ce ba ka yarda ba."

"Na yarda, Bara'atu."

"Don Allah..."

"Shekara da shekaru ina tambayar wa ya tsare ni. Ashe innarki ta. Abin da ta ba ni yana nan cikin jinina, shi ya kawo ni yau. In na ƙaryata Uwani, ita na ƙaryata."

Ta rufe fuska da mayafi tana kuka. Ta ji haushin Lantana, ta ji haushin ƙyanda, kuma Allah ya yafe mata, ta ji haushin innarta da ke kabari. Matar ba ta bar mata ko hoto ba, amma ta bar alherinta a jikin mutum ɗaya tak da Bara'atu take so a duniya.

Sai ga takun Baba daga cikin gida. Tsohon da ya shekara yana cewa ba zai ba ɗan boko 'yarsa ba, sai da ƙyar da jiɓin goshi ya amince. Ya tsaya yana duban Ɗahiru, kamar mai neman fuskar matarsa a fuskar wani.

"Ɗan Saudatu," ya ce a hankali. "Mi kake yi a zaure awa baƙo? Shigo ciki. Gidanku na."

Ɗahiru bai motsa ba.

Bara'atu ta share hawayenta, ta matsa gefe ta ba shi hanya.

"Shigo, Yaya."