Zanen Da Na Toshe Taga Da Shi

Wa ya aike ki tambayata? Yarinya sai bin diddigin tsiya. To, tunda kin tono, ku zauna ku ji abin kunyar kakarku.

Wancan allon zanen da ke bango, babanku ne ya kawo min shi lokacin da yake neman uwarku, autata. Na juya shi nan, na juya shi can — babu mutum, babu bishiya, sai shuɗi da ja a caɓe.

Na ce, "Auta, wanda ko kaza bai iya zanawa ba, shi zai ciyar da ke?"

"Mama, zanen zamani ne fa, a zuciya ake jin sa."

"Zuciyar ce za ki ɗora a murhu? Ba zan ba shi ke ba."

Ta yi kuka har idonta ya kumbura. Ni kuwa na ɗauki allon na toshe fasasshiyar tagar kicin. Shekara biyu yana shan hayaƙi, shekara biyu yaron nan yana zuwa ya durƙusa ya gaishe ni, ina amsawa da ƙyar.

Ran nan ya shigo min da buhun gawayi har kicin, ya ga allon a tagar. 

Na ce, "Ai ya yi amfani. Wai ma mene ne wannan shirmen?"

Ya ciro shi ya juya shi daidai, ashe ma a kife na sa shi.

"Mama, shuɗin nan mai duhu, shekarar da maigidanki ya rasu ce. Jan nan, wutar da kika riƙa dafa abincin sayarwa. Ɗigon rawaya biyar, 'ya'yanki. Farin layin da ya lanƙwasa a kansu bai karye ba — ke ce."

Na ƙura ido. Wallahi bayana ne, yadda nake sunkuyawa a kan tukunya. Na rasa inda zan sa fuskata. Na ce hayaƙi ne ya shiga idona, alhali ko wuta ban hura ba.

"Kawo in wanke maka."

"A bar shi, Mama. Dama baƙin hayaƙin nan ne ya rage wa zanen, ke kika ƙarasa shi."

Bayan wata uku aka ɗaura aurensu. Haƙurinsa ne ya ba shi uwarku, ba kirkina ba, kuma har yau in na wuce allon nan sai na sunkuyar da kai. Abin da ba ku gane ba, ku tambaya kafin ku raina shi.

Ke, rufe min baki da dariyar nan. Ku tashi, kowa ya nemi shimfiɗarsa.