Waigin da Barkono Ya Ɓoye

Wallahi ko zan wuni ina rantsuwa ba za ku yarda da wannan labari ba, amma ku saurara.

Akwai wani ma'aikacin sito da ake kira Barkono, mutum mai kwanya, wanda makaranta ce ta kasa riƙe shi, ba shi ya kasa ta ba. Aikinsa a dakalin lodi yake. In tirela ta yo baya ta jingina da dakalin, sai ya danna maɓalli, ƙugiyar ƙarfe ta taso ta cafke gindin motar, direba kuma ya tokare taya da waigi. Sai an yi haka Dogo, mai tuƙa motar ɗaga kaya, yake shiga cikin tirelar.

Ran nan shaƙiyanci ya motsa wa Barkono. Dogo na ciki, sai Barkono ya saki ƙugiyar, ya zaga ya zare waigin. So yake motar ta ɗan gusa taƙi ɗaya, Dogo ya tsorata, a yi dariya. Ya manta filin gangare ne. Tirelar ta mirgina, Dogo ya yo baya ya faɗa tsakanin dakali da tirela, shi da motarsa, ƙafarsa ta karye biyu. Aka ce direba ne bai sa waigi ba, aka kore shi. Barkono ya cusa waigin a buhu ya kai gida, ya tura ƙarƙashin gado.

Kwana uku lafiya. A na huɗu, da magariba, matarsa tana kwashe shanya, sai tsakuwa ta faɗo kan kwanon rufin kicin. Ta sake faɗowa. Babu yara a layin, babu iska. Daga nan randar ruwa ta fara tafiya a hankali, ita kaɗai, har ta bugi bango ta fashe.

Tun daga ranar babu abin da ke tsayawa inda aka ajiye shi. Kujera ta gusa, gado ya gusa, tukunya ta zame daga kan murhu. Kullum da faɗuwar rana, kullum baya-baya.

"Maigida, me ka kwaso mana?" in ji matar.

"Ƙasar gidan ce ba daidai ba," ya ce. Bai kalle ta ba.

A rana ta bakwai abin ya taɓa Auta, 'yarsu mai shekara tara. Tana cikin cin abinci ta ajiye cokali, ta miƙe, ta fara tafiya da baya. Daga maƙogwaronta wani sauti ke fita, ƙit, ƙit, ƙit, irin na babbar mota in tana ribas. Idanunta a buɗe, ba ta ganin kowa. Ta hau matakalar bene da baya, ba ta yi tuntuɓe ba, ta nufi bakin rufin inda babu katanga. Da ƙyar uban ya cafko rigarta, dugaduganta sun riga sun leƙa waje. Nauyinta kamar tirela da kaya.

Washegari aka ɗaure ta da zane a jikin ginshiƙi, aka kirawo malam, wani tsoho marar yawan magana. Ya zauna, ya jira rana ta yi ja, ya fara karatu. Can sai Auta ta ɗago kai, muryar wata tsohuwa ta fito daga bakinta.

"Malam, rage wutar nan. Ba da kai nake ba."

"Wace ce ke, me yarinya ta yi miki?"

"A ƙarƙashin dakalin lodi nake, tun kafin a zuba siminti. In muka ji ƙugiya ta kama, mun san mota ta tsaya, sai jikokina su fito shan inuwa. Ran nan ƙugiya ta kama, ta saki. Taya ta bi ta kan ƙafar ƙaramarsu. Ƙafa nake so a madadin ƙafa."

"Hannun wa ya saki?"

Yarinyar ta juyo da kai a hankali. "Tambayi mai gumin can. Ka leƙa ƙarƙashin gadonsa."

Matar ce ta shiga ta jawo buhun, ta zazzage shi a tsakar gida. Waigin ya faɗo a gaban kowa.

"Wasa ne," in ji Barkono, muryarsa kamar ta ɗan tsako. "Baba, ki ɗauki tawa ƙafar."

"Me zan yi da ƙafar maƙaryaci?"

Malam ya ce, "Zalunci ne ki kama wadda ba ta ji ba ta gani ba, kin kuwa san ba zan bar ki ba. Faɗi abin da zai yiwu."

Aka daɗe ana ja. Daga ƙarshe ta ce, "Ya mayar da waigin a kansa, a ƙafa, da rana tsaka. Ya faɗi gaskiya gaban manaja da direba. Ya goya Dogo duk inda za shi har ƙafarsa ta ɗore. Ya tsallake ɗaya, na dawo, kuma ba zan yi ƙit ƙit ba."

"Na ɗauka," in ji Barkono.

Auta ta yi atishawa uku, ta langaɓe, ta ce, "Umma, wa ya ɗaure ni?"

Washegari da rana tsaka Barkono ya ɗora waigin a ka. Manaja ya saurara, ya karɓe rigar aikinsa. Direba ya dawo bakin aiki, bayan ya sauke wa Barkono yatsu biyar a kunci. Dogo kuwa ya dube shi daga kan katifa ya yi murmushi.

"Durƙusa, dokina. Asibiti za mu, hawa na uku."

Mutumin nan kamar buhun siminti biyu yake, ga son yawo. Yau wata biyu ke nan, har yanzu bayana bai... bayan Barkono nake nufi. To, shi ke nan, kun gane. Ga shi can ma yana kira.